Gargaɗi ga Jama'ar Ajekoriya: Kada a Ci Gumin 'Ya'yanku da Sunan Gwaji

Jama'ar Ajekoriya da maƙwabta, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Ɗan Gulbi zuwa Dakwaro, ku ba mu aron kunnuwanku. Kaka ta yi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, samari sun fara haɗa kaya. Wasu Maraɗi za su nufa, wasu Yamai, wasu Agadas da ramukan zinariya, wasu kuma su tsallaka Katsina da Kano. Akwai waɗanda a nan kusa za su nemi abin yi: gadi, sayar da mai, koyarwa a makarantar kuɗi, tuƙin motar furoje, zaman shagon aika kuɗi, leburanci a wurin gini. Mafi yawansu magana guda za su ji ranar da suka fara: "Kama aiki tukuna mu gwada ka, in mun ga hannunka sai a yi maganar kuɗi."

A ƙarƙashin wannan magana ake cinye wa yara wata uku, wata shida, wani lokaci har shekara. Ana rage musu albashi saboda wai suna gwaji, ana hana su kuɗin ƙarshen shekara saboda wai ba su zama cikakkun ma'aikata ba, in tsautsayi ya faɗa musu a bakin aiki a ce ai ba a riga an ɗauke su ba. Ku sani doka ta amince da gwaji, amma ta gindaya masa iyaka. Abu biyu kaɗai gwaji ke rage wa ma'aikaci: ana iya sallamarsa ba tare da an ba shi wa'adi ba, kuma ba a biyansa kuɗin sallama. Duk sauran haƙƙinsa yana fara aiki ne tun safiyar ranar farko.

Gwajin da ba a rubuta ba

Dokar da ke tafiyar da aikin albashi a Nijar ita ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, tare da ƙudurin da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita na ranar 10 ga Agusta 2017. A wurin wannan doka, ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa ƙarfinsa ko basirarsa a ƙarƙashin umarnin wani domin a biya shi. Ba ta tambayi ko kana da takardar makaranta ba, ba ta tambayi ko uban gidanka babban kamfani ne ko mai shago ɗaya ba. Mai gadi, mai shara, direba, akawu, duk inuwa ɗaya suke.

Abu na farko da za ku riƙe da kyau: sai an rubuta gwaji yake zama gwaji. Dole ya fito a cikin takardar kwantiragi ko a wasiƙar ɗaukar aiki, kuma a faɗi tsawonsa. Wanda aka ce masa da baki "muna gwada ka", ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba, a idon doka ɗaukarsa aka yi kai tsaye. Idan an tashi rabuwa da shi, sai an bi hanyar da ake bi wajen sallamar cikakken ma'aikaci.

Abu na biyu shi ne tsawo. A aikin da ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, gwaji ba ya wuce wata shida, har da sabuntawa a ciki. Wata shidan ma rufi ne, ba kowa ake kaiwa can ba. Yarjejeniyar da ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata suka sa wa hannu ta raba abin gwargwadon matsayi: kwana 8 ga wanda ake lissafa masa aiki da awa, wata guda ga ƙaramin ma'aikaci mai albashin wata, watanni masu yawa kuwa sai ga shugabannin sashe, injiniyoyi da manyan jami'ai. Hikimar a fili take. Ba a bukatar wata shida kafin a gane ko mutum ya iya riƙe tiyon mai ko yana barci a bakin ƙofa. Idan kuma aikin mai wa'adi ne, irin wanda furoje ke bayarwa na wata shida ko shekara, gwajinsa ya fi haka gajarta.

Abu na uku: idan ranar da aka rubuta ta wuce, kana zuwa aiki ana ba ka umarni, ba a sabunta gwajin a rubuce ba, to ka zama tabbatacce ko da ba wanda ya kira ka ya yi maka albishir. Kuma shekarunka na aiki daga ranar da ka fara gwaji ake ƙirga su.

Abin da ke hannunka tun ranar farko

Albashi. Aikin gwaji aiki ne, ana biyansa da farashin matsayin da aka ɗauke ka a kai. Babu "rabin albashi har a tabbatar da kai", babu "watan farko kyauta". Tun ranar 1 ga Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 a wata, wato jika 42. Ku yi lissafi da kanku. Yaron da ya cika lokutan aiki wata uku ana ba shi jika 15 a wata, jika 45 ya karɓa, alhali mafi ƙarancin abin da ya kamata ya shiga aljihunsa jika 126 ne. Jika 81 ta tafi, kuɗin da zai sayi tunkiya ya fara kiwo, ko ya cike giɓin rumbu lokacin bazara. Mun san da yawa a karkara ba sa biyan wannan adadi, amma yawan masu karya doka bai taɓa soke ta ba.

Albashi da kuɗi ake biyansa. Tuwon rana da wurin shimfiɗa tabarma ba sa maye gurbinsa. Mai albashin wata a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan, kuma a haɗa masa da takardar albashi mai nuna abin da ya samu da abin da aka cire. Doka ta hana uban gida cin ma'aikaci tara. Wannan ɗabi'a ta "ka makara, an yanke maka jika ɗaya", "ka yi wa baƙo tsawa, an yanke maka jika biyu", ba ta da gindin zama.

Lokaci. Awa 40 ne aikin mako a wajen harkar noma, wadda ake lissafa ta da awa 2,400 a shekara. Akwai sana'o'in da aka yi wa lissafi na daban, irin su gadi, saboda yanayinsu, amma abin da ya haura ƙa'idar kowace sana'a ƙarin aiki ne mai ƙarin kuɗi. Kowane mako akwai hutun awa 24 a jere. Hutun shekara kuma yana taruwa ne da kwana biyu da rabi a kowane wata, kuma watannin gwaji suna ciki. Wanda aka sallama kafin ya ci hutunsa, ana mayar masa da kwanakin da ya tara su zama kuɗi.

Asusun CNSS. A nan aka fi yi wa mutane kwange, kuma a nan ciwon ya fi zafi. Wannan asusu, wanda aka kafa a 1965, shi ke ɗaukar nauyin fansho, kuɗin iyali da haɗarin aiki. Wajibi ne uban gida ya yi wa ma'aikaci rajista da zarar ya ɗauke shi, bai halatta ya jira ƙarewar gwaji ba. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, uban gida ya ƙara nasa kason wanda ya ninka wannan fiye da sau uku. A albashin jika 42, rabon ma'aikaci sefa 2,205 ne. Idan ka ga an cire wannan kuɗi a takardarka, ka nemi lambar rajistarka, ka je ofishin asusun a Maraɗi ka duba ko yana isa. Akwai masu cirewa su sa aljihu.

Tsautsayi ba ya tambayar ko an tabbatar da mutum. Sabon shiga ma shi ya fi kusa da shi, domin bai san inji ba, bai san hanya ba, kuma tsoron kora ba ya barinsa ya ce a'a in an tura shi inda bai dace ba. Idan haɗari ya auku a bakin aiki, ko a hanyar zuwa da komawa, uban gida yana da awa 48 ya sanar da hukuma. Wanda aka yi wa rajista yana da magani, da kuɗin jinya, da diyya in ya nakasa. Wanda ba a yi wa ba, a kan ɗauko shi a amalanke ko a bayan babur a sauke wa tsohonsa, a ajiye jika biyar a kan tabarma a ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba mu manta da ramin zinariyar da ya rufta a yankin Ɗan Isa cikin Nuwamban 2021 ba, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Duk mai shirin shiga rami ko hawa gini domin wani, ya tambayi kansa wace takarda zai bar wa iyalinsa.

Maganar firim da goron Sallah

Yanzu ga inda rigima ta fi yawa, musamman a ƙarshen shekara da gabanin Sallah. Ana raba ambulan, sabon ma'aikaci yana kallo, a ce masa: "Kai naka sai baɗi, ai gwaji kake." Wani lokaci gaskiya aka faɗa masa, wani lokaci kuwa cuta ce. Ga yadda za ku bambance.

Dokar ƙwadago ba ta wajabta wa kowane uban gida biyan albashin wata na goma sha uku ba. Kada wani ya zuga ku ku je kuna faɗa a kan abin da ba a taɓa alkawarta muku ba. Firim, wato kuɗin ƙari a kan albashi, yana zama haƙƙi ne ta ɗaya daga hanyoyi uku: an rubuta shi a kwantiraginka, ko yana cikin yarjejeniyar da ta shafi sana'arku ko ma'aikatarku, ko kuma ya zama al'adar gidan. A tsarin shari'ar aiki da muka gada daga Faransa, kafin a ce abu ya zama al'adar da ba a janye ta dare ɗaya, a kan duba abu uku: ana ba kowa da kowa ko duk 'yan rukuni guda, ana bayarwa a kai a kai, kuma da lissafi sananne da ba ya sauyawa da ra'ayin mai gida. Idan ukun nan sun haɗu, kuma ba a taɓa sa sharaɗin daɗewa ba, kalmar gwaji kaɗai ba ta isa hujjar tsame ka ba.

Ku lura da sharuɗɗa. Wata takardar za ta ce sai wanda ya cika shekara guda, wata ta ce sai wanda ke bakin aiki ranar 31 ga Disamba, wata kuma ta ce a raba gwargwadon watannin da mutum ya yi. Idan ta ƙarshen ce, wanda ya fara a watan Oktoba yana da kashi uku cikin goma sha biyu. A ce firim ɗin jika 60 ne, rabonsa jika 15. Ta biyun kuwa ita ce tarkon da ake ɗana wa mutane, a sallame su ana saura mako guda shekara ta ƙare. Ku tambaya tun kafin ku sa hannu, domin tun ran gini ran zane.

Akwai kuɗaɗen da ake kira firim alhali guntun albashi ne. Idan an ce duk katin waya ko buhun taki da ka sayar kana da kaso kaza, wannan kamasho ladan aikin da ka riga ka yi ne, ko an sallame ka gobe sai an biya ka. Haka kuɗin ƙarin awa, da kuɗin tafiya in an aike ka ƙauye ka kwana, da kuɗin haɗari in ana ba duk masu irin aikinka. Kai da tsohon ma'aikaci hanya ɗaya kuka bi, rana ɗaya ta dake ku. Doka ta ce masu aiki iri ɗaya, ko aiki mai daraja ɗaya, a daidaita su wajen biya.

Shi kuwa firim na daɗewa, sai an yi wasu shekaru ake fara samunsa, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Saboda haka ranar da aka rubuta a matsayin ranar fara aikinka dukiya ce. Idan ka fara a Oktoba aka rubuta Afrilu, an sace maka wata shida a lissafin daɗewa, da na hutu, da na kuɗin sallama, da na fansho.

Sai kyauta tsantsa: buhun shinkafa na azumi, sukari, turmin atamfa, ɗan abin cefanen Layya, abin da Alhaji ya ga dama ya bayar bana ya hana baɗi. Wannan alheri ne, ba a kai ƙararsa. Amma in an ce maka "wannan shinkafar ita ce albashinka na watan nan", to an fita daga kyauta an shiga zalunci.

Dabarun da za ku gane

Ta farko ita ce juyi. A ɗauki yaro wata uku a kan ƙaramin kuɗi, a ce bai ci gwaji ba, a kawo wani, shi ma wata uku. Kujera ɗaya, yara huɗu a shekara, ba wanda aka taɓa tabbatarwa. Kafin ka karɓi aiki, tambayi maƙwabtan wurin mutum nawa suka zauna a kujerar kafin kai. Mai shayin bakin ƙofa ya sani.

Ta biyu, gwaji bayan gwaji. Ka gama kwantiragin wata shida, a sabunta maka a kan aikin nan dai, a sake cewa wata uku na farko gwaji ne. An riga an san hannunka, me kuma ake nema? Ku sani kuma kwantiragi mai tsayayyen wa'adi ba ya wuce shekara biyu, sau ɗaya ake sabunta shi.

Ta uku, sauya suna. A kira ka mai neman sanin aiki, ko ɗan sa kai, ko almajirin sana'a, alhali kai ke buɗe shago kai ke rufewa, kai ke riƙe aji tun safe har yamma. Koyon sana'a yana da tasa yarjejeniyar, ita ma a rubuce, kuma wajibi ne a koya maka wani abu. Sufeton ƙwadago aikin da kake yi yake dubawa, da wanda ke ba ka umarni.

Ta huɗu, ɗan kwangilar da ke ɓacewa. Babban kamfani ya samu aikin hanya ko ginin aji, ya ba wani ɗan tsakiya ya kwaso leburori, ranar biya a neme shi a rasa. Doka ta tanadi cewa idan a wurin aikin babban kamfanin aka yi aikin, ɗan tsakiyar ya kasa biya, nauyin albashin yana komawa kan kamfanin. Ku rubuta sunan da ke jikin allon wurin aiki da lambar motocin da ke kawo kaya.

Ta biyar, takardar "na karɓi komai". Ranar sallama a miƙo maka takarda da faransanci a ce dangwala nan. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. In ma an matsa maka ka riga ka sa hannu, kada ka yanke ƙauna, domin irin wannan rubutu ba ya shafe haƙƙin da doka ta ba ka.

Ta shida, kuɗin neman aiki. Saƙo ya shigo ta WhatsApp wai wata ƙungiya na ɗaukar ma'aikata, a turo jika 10 na buɗe dosiye. Wanda zai biya ka albashi ba ya fara da karɓar naka. Hukumar ANPE, mai kula da samar da aikin yi, tana da ofishi a Maraɗi, a can ake tantance tallar aiki ta gaskiya. Kada kuma ka bar asalin katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar karatunka a hannun kowa. Kwafi ake bayarwa.

Ga 'yan mata da iyayensu

Yarinyar da ke gwaji ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin makomarta tana hannun mutum guda. Dokar 2012 ta haramta neman mace da lalata ta hanyar matsin lamba ko barazana a wurin aiki, kuma dokar hukunta laifuka ta tanadi horo a kai. Duk shugaban da ya ce tabbatar da ke ya dogara da ki same shi a wani wuri bayan an tashi, laifi yake aikatawa. Kada ki goge saƙonninsa. Ki faɗa wa babbar mace da kika amince da ita tun ranar farko.

Dokar ta kuma hana nuna bambanci saboda jinsi, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, shiga ƙungiyar ƙwadago, naƙasa, ciwon sikila ko cutar sida. Juna biyu ba dalilin kora ba ne, kuma hutun haihuwa mako 14 ne. Gaskiya ita ce a lokacin gwaji uban gida ba dole ne ya faɗi dalilin sallama ba, shi ya sa kama shi ke da wuya. Maganin abin shi ne shaida: wa ya ji, me aka rubuta, yaushe aka sanar da shi cikin, yaushe ya yi sallamar. Iyaye kuma ku tuna ba a ɗaukar yaro aiki kafin ya cika shekara 14, ayyuka masu haɗari kuwa sai ya kai 18.

Masu tsallaka iyaka da masu aikin gwamnati

Wanda ya tafi Nijeriya ya shiga ƙarƙashin wata doka. A can, uban gida yana da wata uku daga fara aiki ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai bai hau kan ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare 'yan cin rani suka fi samun aiki. Don haka a yanka kuɗi a gaban shaidu, a gaban sarkin zango ko wani dattijo ɗan gida, kuma a riƙa karɓa mako mako ko wata wata. Kada ka bar kuɗinka ya taru a hannun mai gida wai sai za ka koma gida damina. Da yawa sun dawo da kuɗin mota kawai.

Cikakkun ma'aikatan gwamnati kuwa ba wannan doka ke tafiyar da su ba. Suna da tasu ta 2007, mai shekarar gwaji kafin tabbatarwa. Malaman kwantiragi na gwamnati da masu hidimar ƙasa su ma da nasu tsarin. Su nemi bayani wurin ƙungiyoyinsu.

Kunya da takarda

Mun san abin da ke ɗaure bakin yaranmu. Sau da yawa uba ne ya je ya durƙusa ya roƙi Alhaji ya ɗauki ɗansa. Ta yaya yaro zai buɗe baki ya nemi takarda, a ce ba shi da kunya, a ce ya raina arziki? To wanda ya kai shi, shi ya kamata ya yi maganar. Baba, Kawu, Yaya, bayan an gaisa an yi godiya, ba abin kunya ba ne ka ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Don gudun mantuwa da shigar Shaiɗan tsakani, a ɗan rubuta mana ranar da ya fara, da abin da za a riƙa ba shi, da ranar da gwajin zai ƙare." Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ɓata rai kuwa ya riga ya nuna maka abin da ke gaba.

Addini ma yana bayanku. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A Suratul Ƙasas kuma, lokacin da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zai kama aikin kiwo a Madyana, sai da aka faɗi shekarun da zai yi da abin da zai samu kafin ya fara.

In an riga an cuce ka

Ka sayi ɗan littafi tun yau. Kullum ka rubuta ranar, da lokacin shiga da na fita, da duk abin da aka ba ka. In ba ka iya boko ba, rubuta da ajami, ko ka sa ƙanenka ɗan makaranta. Ka ɗauki hoton kwantiragi da takardun albashi da waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Saƙon da ke shigowa in an turo maka kuɗi ta waya shaida ne, kada ka share.

Ranar rabuwa ka nemi abu uku: kuɗin kwanakin da ka yi, kuɗin hutun da ka tara, da takardar shaidar aiki, wadda wajibi ne a ba ka. In an hana, fara da lalama ta hannun wakilin ma'aikata ko wani dattijo. In ta ƙi, ka nufi ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi. Aikinsa ne ya kira ku ya sasanta, kuma ba a biyan ko dala. In sulhu ya gagara, sai kotun ƙwadago, ita ma shigar da ƙara a cikinta kyauta ne. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN da CNT suna da wakilai a jiha da za su iya raka ka. Kada ka yi jinkiri, domin bashin albashi yana da wa'adin shekara biyu, in ya wuce ƙofa ta rufe. Kada kuma ka ɗauki kayan shago ka ce ka fanshe, yin haka zai mayar da mai gaskiya ɓarawo a gaban jandarma.

Ga masu ɗaukar aiki da shugabanni

Alhazai, 'yan kasuwa, masu makarantu da shugabannin furoje, doka ba ta hana ku gwada mutum ba. Ta ba ku dama ku rabu da wanda bai dace ba cikin sauƙi, muddin kun rubuta, kun tsaya a kan wa'adi, kun biya. Takardar ku ma kariya ce gare ku, domin in babu ita, ranar da aka je gaban sufeto za a ɗauka cikakken ma'aikaci kuka kora, ku biya abin da ya fi wanda kuka yi ƙyashi. Kakanninmu sun san zamanin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilun 1946, kuma sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi ta yajin aiki kafin a samu dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952. Abin kunya ne a ce ɗan ƙasa ke sa ɗan'uwansa aikin banza bayan tafiyar Nasara.

Muna roƙon hukumomin gundumar Ajekoriya da masu garuruwa su riƙa tambayar duk kamfani ko ƙungiyar da ta zo ɗibar ma'aikata ta nuna irin takardar da za ta ba su, kafin a yi mata shela. Limamai su taɓo maganar a huɗubar Juma'a a wannan lokaci na tafiye-tafiye. Gidajen rediyon karkara su gayyato sufeton ƙwadago ya amsa tambayoyin jama'a da Hausa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a tasha, a ranar kasuwa. Kuma duk gidan da yaro zai fita neman aiki a wannan rani, kada a sallame shi sai ya haddace tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya kama: nawa ne albashina, yaushe gwajin zai ƙare, za a yi mini rajistar CNSS, kuma ina takardata?